Rassan Mangwaro a Kan Hanyar Zomba

Lyson Makwinja bai taɓa zama a aji ba tun da ya bar firamare, amma ƙofar kwalejin Zomba ya san ta fiye da malamai da yawa. Shekara biyu da 'yan watanni, duk Asabar ɗin da makarantu ke buɗe, shi ke kawo yaran sakandaren Blantyre su ga wurin. Yakan ajiye doguwar motarsa a inuwar wata bishiya nesa kaɗan da ƙofa, ya kashe inji, ya jira su fice, sannan ya zauna a kujerarsa har ƙarfe huɗu. Ba ya karatu, ba ya barci. Masu sayar da ayaba sun daina yi masa talla.

Tafiyar ba ta da tsada. Abin da yaro zai biya bai wuce kuɗin burodi uku ba, shi ya sa har 'ya'yan masu gadi da masu wankau ke zuwa. Kowa da ƙunshin dafaffen rogo ko fanke, da kwalbar ruwa. A tashi daga Limbe da bakwai, a isa kafin goma in motar ta ga dama. A zagaya da su ɗakin karatu da ɗakin gwaje-gwaje, su ga manyan ɗalibai suna tafiya da littattafai a hammata, su ci abinci a lambun da ke bakin rafi, mai hoto ya jera su ya ɗauka. Malamai suna cewa yaron da ya ga wurin da idonsa yakan ƙara ƙwazo. Wataƙila haka ne. Sauran direbobin mai motar dai ba sa son wannan aiki: hayaniya, da amai a hawan Njuli, kuma ba halin tsayawa a ɗauki fasinja a hanya. Lyson ne ya je da ƙafarsa ya roƙa a bar masa. Mai motar ya dube shi ya ce in dai ciwon kai yake nema, ya ɗauka.

A gindin dutsen Mulanje aka haife shi, cikin gonakin shayi. Ubansa mai tsinkar ganye ne. Shi kuwa ya fara da tarakta, ya koma babbar mota, kuma a kan babbar motar ce ya riƙa tsayawa a Namadzi yana sayen gasasshiyar masara a wajen wata yarinya mai suna Esnart, har ranar da yayarta ta tambaye shi ko masarar garinsu ta ƙare ne. Aka ɗaura aure, ya tare a ƙauyen matarsa kamar yadda muke yi a ƙasarmu. Ya gina ɗaki uku da jan bulo, kwanon rufi kuwa falle ɗaya ɗaya ya riƙa kawowa a bayan mota har ya cika. Ya dasa mangwaro a ƙofar gida. Suka haifi 'ya ɗaya, Ndaziona.

Yarinyar na da shekara goma sha ɗaya zazzaɓin damina ya kama uwarta. Kwana huɗu kawai.

Bayan an yi askin makoki, dangin matar suka shimfiɗa masa tabarma. Suka yi masa godiya, suka ce ya riƙe 'yarsu da mutunci, yanzu sun sallame shi, ya je ya sake wata rayuwar. Aka ba shi kaza da kwandon garin masara. Ba wanda ya ɗaga murya, ba kuma wanda ya yi abin da ba a saba ba: gida na ƙasar da aka gina shi a kai ne, ɗa kuma na dangin uwa. Chimwala, wan marigayiyar, shi ne ya zama mai faɗa a ji a kan yarinyar. Lyson ya ɗaure kazar a kan keke ya tura har bakin titi.

Ya koma sau biyu a shekarar farko, da sukari da sabulu. Aka ajiye masa kujerar baƙi a gindin mangwaron da ya dasa. Yarinyar ta zo ta durƙusa ta gaishe shi, aka aike ta ɗebo ruwa. A zuwa na biyu Chimwala ya raka shi har titi, ya ce masa cikin ladabi duk sanda ya zo ya tafi yarinyar takan yi kwana biyu ba ta cin abinci, ga makaranta. Ya kwantar da hankalinsa, ba ta rasa komai ba. In da bukata, za a aiko.

Lyson ya ce to.

Ya kama ɗaki a Bangwe. Bai sake aure ba, bai kuma ce ba zai yi ba. Babbar mota ta koma bas, gashin kansa ya fara fari, yaran tasha suka fara kiransa Madala, wato tsoho. Chimwala kuwa ya cika alkawarinsa, tabar gonarsa ce ta kai yarinyar har ƙarshen sakandare. Wata rana da azahar, Lyson na cin tuwo da ƙananan kifi a rumfar gareji, rediyo na karanta sunayen waɗanda aka ɗauka jami'a a kwalejin Zomba, ya ji an ce Ndaziona Makwinja. Ya gama lomar da ke hannunsa. Ya wanke hannu. Ranar Litinin ya je wajen mai motar ya roƙi aikin Asabar.

Hanyar Zomba ta bi ta bakin ƙauyen. Akwai wata 'yar hanyar ƙafa da ke gangarawa daga titi, bayan Namadzi kaɗan, kuma duk sanda ya zo daidai nan sai ya sunkuyar da ido ya duba agogon mai. Agogon ya daɗe da mutuwa. Yakan duba shi dai.

Asabar ɗin da nake son in ba da labarinta ta faɗo cikin watan Yuni, da yayyafin sanyi tun safe. Yara sittin da wani abu, da malamarsu, Malama Kalinde, mace mai jiki wadda ke zama a kujerar gaba da jakar saƙa a cinya. Kaset na kaɗawa, 'yan baya suna bugun jikin mota. A hawan Njuli motar ta yi tari ta rage gudu, wani dogon yaro mai faffaɗan kunne ya miƙe ya ce, "Madala, mu sauka mu ɗauke ta a ka ne? Kakata ma da sanda ta fi wannan sauri." Aka yi dariya. Wata yarinya ta ce ai motar ce kakar tasa. Lyson ya sa giya ta ɗaya bai juya ba.

Da suka wuce Namadzi sai ga ɗanyun rassa an jera a kan titi, gefe da gefe. Ya ga irinsu ba adadi. Ƙafarsa ta taka birki da kanta, hannunsa ya kashe kaset, ya cire hula ya ɗora a gwiwa. Malama Kalinde ta juya ta watsa wa yaran ido, motar ta yi tsit. Kowa ya san ma'anar rassan: an yi mutuwa a kusa. Sai da ya zo dab da su ya lura rassan mangwaro ne, kuma a bakin wace hanya aka jera su.

Wata tsohuwa na tsaye cikin yayyafi da zane a ka, tana ɗaga hannu. Nachisale ce, yayar matarsa, wadda ta taɓa yi masa ba'ar masara. Ta rame, haƙoranta na gaba sun zube. Ba wata motar take tsarewa ba. Ashe duk ƙauyen sun san wanda ke wucewa da wannan mota ranar Asabar, da ƙarfe nawa.

Ta matso jikin taga ta ce, "Baban Ndaziona."

Shekara goma ba wanda ya kira shi haka. Ya amsa gaisuwarta. Ta gaya masa Chimwala ne, da asuba, ciwon ƙirjin da ya daɗe yana fama da shi. Gobe da safe za a kai shi. Sun je gidan waya sun tarar a rufe, kuma ba wanda zai iya zuwa Zomba ya dawo yau.

"Ku taho mana da ita in za ku dawo. Amma kada ku ce mata ya tafi. Ku ce jikin ya yi tsanani, ana nemanta."

Ya ce to.

Ya ja motar a hankali har ya wuce rassan ƙarshe. Ya lalubi cikinsa ko zai sami wani abu game da Chimwala, baƙin ciki ko wani abin daban, bai tarar da komai ba. Abu ɗaya kawai ya tsaya masa: an aiko. Bai sake kunna kaset ba. Yaran suka yi haƙuri har Thondwe, sannan suka ɗauki waƙa da baki.

A Zomba ya ajiye mota inda ya saba. Malama Kalinde ta jera yaranta biyu biyu ta shige da su. Ya zauna. Yayyafin ya tsaya, hazo ya janye daga kan dutse, aka buga goma sha ɗaya, aka buga sha biyu. Yana maimaita maganar a ransa: jikin kawunku ya yi tsanani, ana nemanku a gida. Ba ta da wuya. Sai da inuwar bishiyar ta koma ɗaya gefen ya sauka ya kulle ƙofa.

Bai taɓa tsallake ƙofar kwalejin da ƙafa ba. Ya yi mamakin yadda ba wanda ya tsayar da shi. Ya tambayi wani mai yankan ciyawa inda ɗakunan kwanan mata suke, aka nuna masa. Matar da ke kula da wurin tana zaune a baranda tana tsince wake. Ya faɗi sunan. Ta ce wa za a ce yana nema. Sai da ta ɗago kai sannan ya amsa.

"Ku ce direba ne, daga gida."

Ya tsaya kusa da igiyar shanya. Bai tabbata zai gane ta ba. 'Yan mata uku suka fito ɗaya bayan ɗaya, kowacce sai ya gyara tsayuwa, ta wuce shi. Ta huɗun ta fito da biro a soke cikin kitso, tana jefa ƙafar hagu waje kaɗan in tana tafiya. Haka Esnart ke tafiya.

Bai san lokacin da hannunsa ya kai ga hularsa ba. Kunya ce kawai, irin wadda yake ji a gaban mai mota ko a ofishin lasisi. Ya cire ta ya riƙe a ƙirji da hannu biyu, ya faɗi abin da aka ce ya faɗa, kalma ba ta ɓace ba. Har da "ku" ya ce mata, kamar 'yar wani.

Ba fuskarsa ta duba ba. Hular ta duba.

"Yaushe ya cika?"

Ya dubi hular shi ma. Babu amfanin mayar da ita.

"Da asuba."

Ta gyaɗa kai. Ta ɗan rusuna, ba durƙuso sosai ba, ta koma ciki. Abu ɗaya aka ce kada ya yi, kuma ya yi shi. Da ta fito ta ɗaura zane a kan siket, ta ɗaure kai, da 'yar jaka a hannu. Ba ta yi kuka ba. Kuka sai an hango gida.

Saura awa uku yara su dawo, ba kuma inda za su je. Suka zauna cikin motar, shi a kujerarsa, ita a ta malama. Motar na warin ɓawon lemo da jiƙaƙƙun riguna. Ya tambaye ta karatu, ta ce lafiya. Ta tambaye shi aiki, ya ce da godiya. Ya miƙa mata rogon da ya zo da shi, ta ce ta ƙoshi. Suka zauna suna kallon gilashin gaba kamar motar na tafiya.

Can ta nuna da haɓa wani bene da ake hangowa ta saman katanga. Ta ce ɗakin karatu ne. Tagar sama, ta uku daga kwana, nan take zama ranar Asabar, don ta fi haske.

Ya duba. Daga tagar har gindin bishiyar ba abin da ya tare.

"Tun shekarar farko nake ganin motar nan," in ji ta. "Inna Nachisale ce ta gaya min launinta."

Ya ci gaba da kallon tagar.

"Kun san ina nan?"

"Na ji a rediyo."

"To me ya hana ku shigowa?"

Ya shafa sitiyari da tafin hannu, inda fatar ta goge.

"Ba a aiko ni ba."

Ta juyo ta dube shi a karo na farko, ta daɗe tana kallo. Ba fushi a fuskarta, gajiya ce. Ta ce tana 'yar shekara sha huɗu ta taɓa tambayar kawunta, ya ce mata babanta ya san hanya. Lyson ya ce gaskiya ya faɗa. Ta ce ita ma ai ba ta sauko daga benen ba. Sau ɗaya ta kai har ƙofa, ta tsaya a bayan mai gadi tana kallon ƙeyar Lyson a mota, ta rasa da wane suna za ta fara, ta koma. Ta jingina kai da taga. Ya ga ta rufe ido, amma ya san ba barci take ba.

Da ƙarfe huɗu yaran suka dawo da ƙafafu jiƙe, kowa na son ya riga kowa kujerar taga. Dogon yaron nan mai kunne yana hawowa ya ci birki a bakin ƙofa.

"A'a, Madala, ashe ba zaman banza kuke ba. Mu muna can muna kallon ƙasusuwa a kwalba, ku kun samo 'yar jami'a guda."

'Yan bayansa suka ɗauki shewa. Malama Kalinde na ƙoƙarin hawowa da jakar saƙarta, ta ce wa Lyson da ƙaramar murya ai sun yi da shi ba a ɗaukar fasinja, wace ce wannan. Ya buɗe baki. Abin da zai ce gajere ne, amma bai fito ba.

Ndaziona ce ta juya ta kalli yaron daga sama har ƙasa.

"Kai mai kunnen faranti, babana ne. Wuce ka zauna kafin iska ta ɗauke ka."

Dariyar ta koma kan yaron, har wani ya ja masa kunnen. Malama Kalinde ta dubi ɗaurin kan, ta dubi Lyson, ta tuna rassan safe. Ba ta ƙara tambaya ba. Ta ture wata yarinya ta zauna a kujera ta biyu, ta bar wa Ndaziona ta gaba.

Lyson ya tayar da mota. Ya lura dai ya manta bai mayar da hula ba tun azahar, ya kuma bar ta a gwiwa.

Rana na shirin faɗuwa suka iso rassan. Motoci sun tattaka wasu, ganyen ya manne da kwalta. Daga gangare ana jiyo waƙar mata. Ba halin ya raka ta, da 'ya'yan mutane sittin a bayansa da za a kai gida kafin duhu. Ya buɗe mata ƙofa. Ta sauka taki ɗaya, ta tsaya riƙe da ƙarfe, ba ta juyo ba.

"Tun da sai an aike ku, to ni na aike ku. Asabar mai zuwa ku tsaya a nan. Zan koma makaranta."

Ya ce to.

Ta gangara. Sai da ta kai rabin hanya muryarta ta tashi, matan cikin gida suka amsa mata. Ya jira har ta ɓace a bayan masara busasshiya, sannan ya rufe ƙofa.

Ranar Lahadi ya zo jana'iza a motar haya, ya tsaya a sahun baya cikin maza. Ya ga gidan. Mangwaron ya yi girman da ba a ganin rufin sai an matso, kuma an sare masa rassa a gefe ɗaya. Kwanon ya yi tsatsa, ban da falle ɗaya da wani ya sauya. Aka ba shi tuwo da wake ya ci. Ita tana can ciki cikin mata, bai gan ta ba, bai kuma tambaya ba.

Makon ya wuce kamar sauran makonni. Ya kai ma'aikata Chirimba, ya dawo da su, ya wanke mota ranar Juma'a. Asabar wasu yaran ne daban, da wani malami siriri mai tabarau wanda bai san komai ba. Da suka wuce Namadzi an ture rassan gefe, sun bushe sun yi baƙi. Bai duba agogon mai ba.

Tana tsaye a bakin hanyar ƙafar, an yi mata aski ta ɗaure kai, ga buhun dankali rabi a gefenta. Malamin ya fara maganar fasinja, Lyson ya ce masa 'yarsa ce. Ya faɗa kamar yadda zai ce taya ta sace. Ta hawo, yara biyu suka jawo buhun. Ta ajiye masa wani ƙunshi mai ɗumi a gabansa, gasasshiyar masara a cikin ɓawonta. Suka isa Zomba. Masarar ta huce a inda take.

Yara suka fice, malamin ya bi su. Ndaziona ta sauko da buhun ƙasa, ta tsaya tana naɗe ƙaramin zane don yin gammo. Daga nan zuwa ɗakunan mata da 'yar tafiya, ga hawa.

Lyson ya daɗe a kujerarsa yana kallon ta ta madubi. Sannan ya sa masarar a aljihu, ya sauko, ya kulle mota.

"Bar shi," in ji shi. "Ki wuce gaba ki nuna min hanya."

Ya ɗora buhun a kafaɗa. Masu ayaba suka bi shi da kallo har ya shige ƙofar.